Ƙahon Baba da Zarton Vendelin

Yayana Vendelin Kotrba bai taɓa busa ƙaho a gaban mutane ba, ko sau ɗaya, amma da wuya ka sami ƙahon tagulla a ƙauyukan da ke kewaye da Kraslice wanda bai bi ta hannunsa ba. Aikinsa lanƙwasa bututu. A ɗura narkakkiyar dalma cikin miƙaƙƙen bututu don kada ya lotse, a bari ta huce, a kafa shi jikin katako a tanƙwara a hankali, sannan a narkar da dalmar ta fita. Abin da ya yi ke nan a masana'antar kayan busa tun yana saurayi har kansa ya yi fari. Ni kuwa ina ɗakin goge tagulla, can ƙarshen ginin, inda muke fitowa da yamma fuska baƙi ƙirin kamar mun kwana a murhu.

Mu uku ne a wurin iyayenmu. Hynek ne babba, sai Vendelin, sai ni Libuse, auta. Bayan yaƙin duniya na biyu, da aka kwashe Jamusawan garin shaguna suka zama babu ma'aikata, Baba ya taso da mu daga Hradec. Abin da muka zo da shi bai cika keken doki ba. Amma akwai abu guda da bai yarda a ɗora a kan kaya ba, a cinyarsa ya riƙe shi har muka iso, an naɗe shi da bargon da ya kamata a ce ni aka lulluɓa da shi. Ƙahon da ya ƙera ne da hannunsa lokacin da zai fita daga koyo ya zama cikakken maƙeri.

Irin ƙahon nan ne mai naɗi, wanda mai busa ke cusa hannun dama cikin faffaɗan bakinsa. Da za a warware shi, tsawonsa zai kai na mutum biyu. Maɓallai uku ne da shi, kowane maɓalli in an danna sai iska ta bi ta wani ƙarin bututu lanƙwasasshe mai ƙafa biyu, wanda muke kira ƙugiya. Ƙugiyar farko matsakaiciya ce, ta uku doguwa, ta biyu kuwa 'yar ficiciya, ba ta wuce babban yatsa ba. Akwai kuma babbar ƙugiya da ke saita ƙahon baki ɗaya. Dukkansu ana zaro su ana mayarwa. In ka zaro, hanya ta ƙara tsawo, murya ta yi ƙasa. In ka tura, murya ta yi sama. In ka tura har ta ƙure, to ka zo ƙarshen dabararka. A bayan kowace ƙugiya Baba ya zana ɗan ganyen itace, aikin da ba wanda ya sa shi, son ransa ne kawai.

Da Baba ya ga ƙarfinsa ya fara tafiya, ya kira su biyun ya raba musu abin da yake da shi. Ya duba bakin Hynek, ya duba na Vendelin, kamar mai sayen doki. Haƙoran Vendelin na gaba sun hau juna. Baba ya ce, "Kai leɓe, kai kuma hannu." Ya miƙa wa Hynek ƙaho, ya tura wa Vendelin akwatin zarto da magagari. Vendelin ya ce to. Bai ƙara ko kalma ba, ranar ko bayanta. Amma ni na san ƙahon yake so, don na sha kama shi a ɗakin Baba ya buɗe akwatin yana bin lanƙwasar da yatsa, bai ma kai shi baki ba.

Hynek fasa dutse yake yi a Rotava, kuma muryarsa ta dace da aikin. Ba ya magana sai da ihu, ba ya dariya sai tebur ya girgiza. Ya shiga badujalar 'yan kwana-kwana ta ƙauyenmu, ya zauna a kujerar mai ƙaho shekara da shekaru. Kada ka zaci wani babban kiɗa yake yi. Masu begila su ne da waƙa, shi nasa cike gurbi ne tsakanin bugun ganga, pa, pa, pa, tun safe har yamma. Sai a jana'iza ne ake bar masa layi biyu shi kaɗai, kuma gaskiya a lokacin ƙuruciyarsa in ya busa layin nan mata sai sun nemi hankici. Vendelin kuwa sunansa a bakin Hynek guda ne: Kunnen Gwangwani. A gaban kowa yake faɗa.

"Wannan ƙanen nawa? Ai ko kukan saniya da na ƙaho ba ya bambancewa. Ku ba shi guduma, ku bar mana kiɗa."

Vendelin sai ya yi murmushi ya kurɓi giyarsa. Ni abin ke ƙona wa rai, don na san duk badujalar nan babu mai kunnensa.

Al'adarmu ce, in an gama bikin masu kiɗa na ƙarshen Nuwamba, an shiga makonnin da ba a rawa kafin Kirsimeti, kowa ya kwaso abin busarsa ya kai rumfar Vendelin ta bayan gida. Ya wanke, ya fitar da lotsewa, ya shafa mai, ya mayar wa kowa kafin sabuwar shekara. Ba ya karɓar komai, sai wanda ya ga dama ya kawo tsiran alade ko kwalbar giyar 'ya'yan itacen fulam. Na Hynek kullum shi ne na ƙarshe, kuma shi ne yake daɗewa a kai. Ina ganin duk shekara wannan makon yake jira.

Matar Hynek, Zdenka, ta rasu yana da sittin da 'yan kai. Ba su haihu ba. Ya bar aiki a shekarar, gidan ya yi masa faɗi. Abin da ya rage masa a duniya shi ne ranar Alhamis, ranar gwaji a ɗakin baya na gidan giya. Tun Laraba yake goge takalmi. In da za a ce masa kada ya zo Alhamis, na rantse da an kashe shi, sai dai a jira ranar binnewa.

To a daidai lokacin ne jikinsa ya fara cin amanarsa ta hanya uku. Haƙora suka zube aka sa masa na roba, leɓe ya saki. Sanyin ƙashi ya kama hannun dama, yatsu suka naɗe, hannun ya riƙa nutsewa cikin bakin ƙahon yana toshe shi fiye da kima. Kowanne cikin biyun nan ƙasa yake jan murya. Na ukun kuwa shi ya fi muni: ƙarar fasa dutse ta cinye masa kunne, ba ya jin ya sauka. A wurinsa shi ne daidai, sauran goma sha ɗayan ne suka haye sama.

Shugaban badujalar, Holoubek, mai sayar da tikiti ne a tashar jirgin ƙasa, mutum mai gudun rigima. Ya taɓa cewa Hynek ya ɗan zaro hannunsa waje. Hynek ya ce masa tun Holoubek yana tsotson yatsa yake busa ƙahon nan. Holoubek ya ce ya tura ƙugiyoyi ciki, Hynek ya tura don a bar shi ya huta, har suka ƙure. Aka sami sauƙi na shekara guda, sannan abin ya dawo. Da Holoubek ya kawo begilarsa wanki, ina rumfar na kawo wa Vendelin miyar tafarnuwa, ya tsaya yana murza hula.

"Vendelin, ka san ina ganin girman gidanku."

"Faɗi abin da ya kawo ka, shugaba, miyata na hucewa."

"Yayanka ya yi ƙasa. Ba kaɗan ba. Jana'izar tsohuwa Vrbova, da ya shiga layinsa, sai da na ga ɗanta ya ɗago kai ya dube mu. Mutane sun fara magana. Ga Mracek can shekara uku yana jiran kujera, da sabon ƙaho a hannu."

Na ce, "To ka je ka gaya masa mana, me ka zo yi nan?"

"Libuse, ke kin iya gaya masa?"

Gaskiya ban iya ba.

Vendelin ya ajiye cokali. "Ka ba ni zuwa bayan Kirsimeti. In ka ji shi ƙasa a gwajin farko, ka yi abin da ka ga dama."

Bayan kwana kaɗan na shiga rumfar da hantsi neman almakashin gwangwani, sai na tarar da abin da ban taɓa zaton idona zai gani ba. Ƙahon Baba a kwance kan tsumma, an zare masa ƙugiyoyi duka, Vendelin ya sunkuya da ɗan siririn zarto yana yanka. Wani ɗan zoben tagulla ya faɗo ya gangara har gaban takalmina.

"Ka haukace ne? Ƙahon Baba kake yankawa?"

"Rufe ƙofa, sanyi na shigowa."

"Ba zan rufe ba! In gajeru kake so, ka ƙera sababbin ƙugiyoyi mana, ka ɓoye na Baba. Kai ne fa kake lanƙwasa ɗari a mako!"

Ya ɗago ƙahon ya nuna mini da bakin zarto. "Duba nan, auta. Ƙugiya cikin kube take shiga, kuben kuma a jikin ƙahon yake. In ban rage kuben ba, ko wace iri na ƙera a nan za ta tsaya. Sannan kina ganin Yaya ba zai lura ganyen Baba ya ɓace ba? Kurma ne, ba makaho ba."

"To ka yanke babbar kaɗai, ka bar sauran."

"In na yanke babbar kaɗai, ya busa ba maɓalli ya yi daidai, ya danna maɓalli ya faɗa rami. Baba ya auna kowace ƙugiya da tsawon ƙahon ne. In uwa ta ragu, dole 'ya'ya su ragu, kowace gwargwadonta."

Na ce masa tagullar da aka yanke ba ta tsirowa. Ya ce ya fi ni sani. Na ce Baba zai juya a kabarinsa. Ya ce Baba dai ya riga ya kwanta, Hynek ne ke tsaye. Ya sake sunkuyawa ya ɗora zarton. Na rufe ƙofar, na riƙe masa ƙahon ya gama. Har yau in na tuna ƙarar zarton nan sai na ji ta a haƙorana.

Ya goge bakin yankan, ya shafa masa wani ruwa ya dusashe don kada sabon ƙarfe ya yi ƙyalli. A gwajin farko Hynek ya dawo daidai. Holoubek ya aiko wa Vendelin rabin agwagwa ba tare da wani bayani ba. Hynek kuwa ya shigo gidana yana huci da fahariya.

"Kin ji? Yau ko tari Holoubek bai yi mini ba. Na gaya muku laifin kunnensu ne. Kai kuma Kunnen Gwangwani, bana ka iya wanki, ba laifi. Ashe da sauran amfaninka."

"Na gode, Yaya," in ji Vendelin.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Amma hannun Hynek bai daina naɗewa ba, leɓen bai daina saki ba. Kafin kaka ya sake zamewa, in an shiga Disamba Vendelin ya sake ɗaukar zarto. Haka aka yi ta yi, shekara tana bin shekara. Ban ƙara yi masa faɗa ba, amma ban daina jin haushi ba, kuma haushin Hynek na fi ji, da yake zuwa ya ci abincina yana ba ni labarin yadda ya fi kowa kunne. Sau da yawa maganar ta zo mini har leɓe. Vendelin ya taɓa kama ni ina shirin faɗa, ya taka mini ƙafa ƙarƙashin tebur har sai da farcen ya yi baƙi.

Shi Vendelin bai yi aure ba. Akwai wata mai ɗinkin akwatunan kayan busa da suka yi shekara biyu suna zuwa kallon fim, ta gaji da jiran ya buɗe baki ta auri direban bas. Kajinsa shida, rediyonsa ɗaya, ba ya zuwa coci, ba ya zuwa taron jam'iyya, duka biyun ya ce surutu ya yi yawa. In kana son ka ga ransa ya ɓaci, ka kawo masa ƙaho da aka liƙe da kuza barkatai. Mutumin da ke yi wa baƙo faɗa don ya ƙwarzani begilar da ba tasa ba, shi ne ke yanka aikin ubansa da hannunsa kowace shekara. Ya rame a shekarun nan, kuma na tabbata ba tsufa kaɗai ba ne.

A Disamba ta biyar ko ta shida ya aiko a kira ni. Na same shi zaune, ƙahon a cinyarsa, zarto a rataye a bango bai taɓa shi ba. Ya zaro 'yar ƙugiya ta biyu ya ɗora mini a tafin hannu. Ƙafafunta sun zama kututture, da ƙyar suke kama kube.

"Babba da ta uku da sauran nama," ya ce. "Wannan ta ƙare. In na ƙara ɗiban ko kaurin farce, ranar da ya busa da ƙarfi za ta yi tsalle ta faɗo a gaban mutane. In na bar ta na yanke sauran, duk sautin da ya bi ta cikinta zai fito a karkace."

"To shi ke nan. Ka yi iyakar yinka. A gaya masa."

"Wa zai gaya masa?"

"Holoubek. Aikinsa ne."

Ya karɓi ƙugiyar ya mayar a hankali. "Ran Lahadi 'yan badujala za su zo ɗaukar kayansu. Ki dafa shayi da yawa, ki zuba barasa kada ki yi rowa. Yaya kuma ki ce masa nasa bai gamu ba, ni zan kai masa gida."

Ran Lahadi bayan cin rana suka cika rumfar, su goma sha ɗaya, kowa na buga ƙafa saboda sanyi. Ferda mai busa tuba, ƙaton ƙahon nan, wanda cikinsa ya kusa kai girman abin busarsa, shi ya fara lura.

"Kai Vendelin, wane ne ya zaro mini ƙugiyoyi haka? Ga ma wani zane an yi da allura."

"Ni ne. Kowa ya duba nasa, akwai zanen. Nan za ku riƙa tsayar da su daga yau. Masu baƙar sarewa, na sa muku zobe a wuya, kada ku cire."

Holoubek ya juya begilarsa ya duba, fuskarsa ta canza. "Wannan ai ƙasa ka kai mu."

"Ƙasa na kai ku. Ƙahon Yaya ba ya ƙara hawa, na yanke shi har na kai ƙashi. Naku kuwa duk suna sauka, zarowa ce kawai. Shi ba zai iya zuwa inda kuke ba, sai ku ku je inda yake."

Yawancinsu ranar suka fara jin maganar yanka. Sai kuma kowa ya ɗau magana lokaci guda.

"Mu goma sha ɗaya mu sauka saboda tsoho ɗaya mai taurin kai?" in ji Ferda. "Mutumin da ya ce ina busa kamar saniya mai kumburin ciki?"

"Ai bai yi ƙarya ba," in ji Tonda mai ganga. "Ni dai gangata babu ruwanta, ku sauka har rijiya in kun so."

Ɗaya daga masu sarewa ya ce zoben zai ɓata masa manyan sautuka, sai ya yi ta gyara da leɓe. Vendelin ya ce haka ne, zai sha wuya, ba zai ɓoye masa ba. Holoubek ya ɗaga hannu.

"Ku saurara. In mu kaɗai ne a ƙauye, ba mai ganewa, tunda duk tare muka sauka. Amma ranar ɗaya ga Mayu da badujalar masana'anta za mu jera a gari. Su ba za su sauko don Hynek Kotrba ba. Ka san haka, Vendelin."

"Na sani. Zuwa Mayu nake roƙo. A bar shi ya yi bikin shiga azumi a kujerarsa. Bayan nan ni da bakina zan gaya masa, ba kai ba."

"In mun ƙi fa?" in ji Ferda.

Vendelin ya ɗauki tsumma yana goge hannu. "Ba dole. Sai dai baɗi kowa ya nemi mai yi masa wanki. Na ji ana yi a Sokolov, in ka kai a Disamba ka karɓa a Yuni."

Ban taɓa jin yayana ya yi wa wani barazana ba sai ranar, kuma ko iya ta bai yi ba, kunnuwansa sun yi ja kamar na yaron da aka kama da satar tuffa. Ina jin wannan ne ya karya su, ba barazanar ba. Ferda ya zuƙe shayinsa, ya miƙo mini kofi in ƙara.

"Zuwa Mayu," ya ce. "Amma in ya sake kira na saniya, na rantse sai na tura ƙugiyata ciki a tsakiyar waƙa."

Bikin shiga azumi, wato azumin Kirista na kafin Ista, ya faɗo a Fabrairu, ranar Asabar mai tsananin sanyi. Aka fito da safe, masu shigar dodo a gaba, badujala a baya, gida gida. Kowace uwar gida ta fito da faranti na soyayyen burodi mai jam a ciki da 'yan kofunan barasa, a busa mata waƙa ɗaya ta taka rawa da mai shigar dabbar nan beyar, a wuce. Ni da Vendelin muna bin su daga gefe. Ban san kiɗa kamar shi ba, amma na ji abin da na daɗe ban ji ba: babu wanda ke jan wani. Muryar badujalar ta ɗan yi kauri, ta yi taushi, kuma ƙahon Baba na zaune a tsakiyarta daram. Masu sarewa sun sha wuya kamar yadda aka faɗa musu, fuskokinsu sun yi jawur. A ƙofar gidan marigayiya Vrbova ɗanta ya roƙi a busa waƙar da aka yi wa uwarsa. Holoubek ya ɗaga wa Hynek gira. Hynek ya busa layinsa biyu shi kaɗai, sauran suka shigo suka same shi daidai inda yake. Vendelin ya juya baya yana kallon katangar maƙwabta kamar an ce masa akwai abin gyara a jikinta.

Da la'asar aka ƙare a gidan giya, aka kawo farfesun alade da burodi. Ana cikin ci Hynek ya miƙe ya buga cokali a jikin kofi. Na ce a raina yau kuma wa zai zaga.

"Ku yi shiru, 'yan banza, babba zai yi magana! Shekara nawa ina gaya muku kun haye sama kamar akuya a kan rufi? Kuka ce ni ne kurma. To yau kun ji da kunnenku. Yau kun yi kiɗa! Har Ferda, yau saniyarsa ta warke."

Na ga hannun Ferda ya matse kofi. Tonda ya dafa masa kafaɗa.

"Abin da nake jira ke nan," in ji Hynek, muryarsa ta ɗan sauka. "Hannun nan ya daɗe yana ba ni wuya, ban gaya wa kowa ba. In na kwanta kamar ana soka mini ƙusa. Amma na ce ba zan tafi in bar ku a karkace ba, a ce Kotrba ya gudu ya bar badujala ta lalace. Yanzu kun gyaru. Holoubek, ka kira yaron nan Mracek ya zauna, sai dai ka gaya masa ya riƙa saurare. Ni kuma Alhamis ina nan zuwa, in zauna can kusa da murhu, duk wanda ya sake hawa sama in jefe shi da takalmi."

Aka yi tafi, aka yi ihu, Ferda ya fi kowa. Holoubek ya rungume Hynek, yana kallon Vendelin ta saman kafaɗarsa. Mutane sun sha tambayata daga baya ko Hynek ya san abin da aka yi. Bai sani ba. Na san yayana, da ya sani da ya rushe gidan giyar nan a kanmu. Ya rayu shekara huɗu bayan haka, yana zuwa kowace Alhamis, sun mayar da ƙugiyoyinsu ciki tun kafin Mayu bai ji bambanci ba, ya mutu yana gaya wa likita cewa shi ya koya wa ƙauyenmu saiti.

Amma ranar bai gama ba. Da hayaniya ta lafa ya sunkuya ya ɗauko akwatin daga ƙarƙashin benci, ya zagayo tebur, ya dire shi gaban Vendelin. Ya buɗe da naƙasasshen hannunsa. Ƙahon na kwance a kan tsohon jan ƙyallensa, ƙugiyoyi duk sun nutse har wuya, gajere, ba mai iya busa shi da kowace badujala a duniya sai mai bakin Hynek da hannun Hynek.

"Ungo, Kunnen Gwangwani. Na san tun muna yara kake haɗiyar yawu a kansa, kada ka zaci ban gani ba. Busawa dai ba za ka iya ba, amma ka fi kowa sanin darajarsa." Ya buga masa baya har sai da ya yi tari. "Duba shi da kyau. Shekara arba'in da wani abu a hannuna, ruwa da ƙanƙara, ko ƙwarzane babu. Yadda Baba ya ƙera shi, haka na dawo maka da shi."

Na buɗe baki. Ban san me zan ce ba, amma na buɗe. Sai na ji takalmi a kan ƙafata, a kan farcen nan dai.

Vendelin ya sa yatsa ya shafi ɗan ganyen da ke bayan ƙaramar ƙugiya, ya daɗe bai ɗago ba.

"Na gani, Yaya," ya ce. "Ka riƙe shi da kyau."

Ya rufe akwatin, ya ɗora shi a cinyarsa, ya riƙe da hannu biyu. Farfesunsa ya huce a gabansa bai ƙara taɓawa ba.